Lambar Inji

Shekara goma sha tara ina kai gero wurin mai niƙa,
asubar fari, bokiti a ka, ta lungunan Nima,
in bi layi a bayan masu ƙullin kenke,
kokona ya fito da ɗanɗanon masarar wasu.

Sai Ɗantani ya bugo waya daga Jamus:
"Yaya Lantana, na samo miki inji.
Tsoho ne, amma haƙoransa garau."
Kwana arba'in yana kan teku.
Na share ɗaki, na zuba siminti, na ja wayar lantarki,
na raɗa masa suna tun bai iso ba: Huta-wuya.

Ashe a Tema ba su san suna ba, lamba suke tambaya.

Ofori, ejan ɗina, ya zo da takardu a leda,
ya baje su a teburina kusa da tiren ƙosai,
ya ce, "Maame, kowane kaya na duniya
yana da gida a littafin kwastan,
tun daga allura har jirgin sama.
Gidan da aka sauki naki, shi zai faɗi kuɗin fito."
Na ce gero ai daga gona yake,
a kai injin gidan manoma, na ji can akwai sassauci.
Ya ce, "Huɗa yake yi? Girbi yake yi?"
Na ce niƙa.
Ya ce, "To, ƙofarsa daban."

Ɗantani kuwa, don akwati ya rufu,
ya cire moton da ke juya shi, ya ɗaure a wani akwati.
Aka ce baƙi biyu ne suka sauka.
Gangar jiki da lambarta,
zuciya da tata,
sai an kawo shaida cewa tare suke kwana.

Rasit ɗin rubutun hannu ne,
na wani dattijo da ya rufe gidan burodinsa.
Jami'ar ta juya shi, ta ajiye,
ta ce sai ta ga shekarar ƙira da idonta.
Farantin da ke ƙirjin injin tsatsa ta cinye.
Na aika da toka da lemun tsami,
irin wanda nake goge tukunya.
Ofori ya durƙusa ya yi ta dirza
har lambobi huɗu suka buɗe ido.
Ya karanto mini ta waya.

Shekarar da aka haife ni.

Ya ce, "Albishirinki! Za a rage masa daraja
saboda tsufa."
Na yi guɗa a bakin titi, ludayi a hannu.
Sannan na yi shiru.
Na dubi hannun.

Kowane kwana a tashar jirgi da kuɗinsa, kamar otal,
shi yana barci, ni ina ƙirga.
Na kwashi adashi tun ba layina ba,
'yan kunnen Makka suka tafi jingina a Mamobi.
Kuɗin fito, kuɗin dubawa, kuɗin wani abu
da Ofori kansa sai da ya sa tabarau.
Na biya. Na ninke takardun
na sa a gwangwanin da nake ajiye katin asibiti.

Ran Talata da la'asar motar ta tsaya a bakin kwalbati,
lungunmu ya fi ƙarfinta.
Samari takwas, da igiya, da katako,
kowa na ba kowa umarni,
na biya su da koko da ƙosai bibbiyu.

Ya yi tari sau uku kafin ya kama.
Ni ma haka nake tashi.

Yau da asuba Naa Ayele ta ƙwanƙwasa,
bokitin masara a ka, tana murmushi.
Na ce ta ajiye nan gefe, ta zauna.
Bayan gero.