Ragar da Ke Cikin Kunne

Shekara ashirin da uku a injin gurza na Hasahisa,
ni da auduga, ni da ƙarfe mai ruri.
Da asuba yake buɗe baki, sai isha ya rufe.
Da hannu muke magana, da kafaɗa muke dariya,
mu cusa ɗan ƙullin auduga a kunne
kamar mai tare kogi da faifai.

In an tashi, kaina na ta shiii har gida.
Kwana biyu ya lafa, in ce ai ya warke.
Ashe ɓarawon da bai fasa ƙofa ba
shi ya fi kwasar kaya.

Ni ba kurma ba ne, ku bar yi mini ihu.
Ina jin kukan jakin Ɗanliti daga bayan gari,
ina jin cokali na zaga kofin shayi.
Amma ran sunan jikata,
mutum arba'in a kan tabarmi, kowa da tasa,
murya na isowa, magana na tsayawa a hanya.
Zinatu ta sunkuyo, ta faɗi wani abu, ta jira.
Na gyaɗa kai, na yi mata murmushi.
Sai na ga ta kau da fuska.
Ashe cewa ta yi Jibo ya rasu a Sinja,
Jibon da muka ci ƙurar injin nan tare.

A Wad Madani aka rufe ni a ɗaki, aka sa mini na'ura.
Duk ƙaramin sautin da ya zo, na ɗaga hannu.
Takarda ta ce lafiya lau.
Likita Ihlas ba ta yarda da takarda ba.
Ta zana katantanwa a bayan ambulan,
ta ce a can ciki akwai 'yan gashi, naka suna tsaye,
amma zaren da ya ɗaure su da jijiya,
mai kai saƙo ƙwaƙwalwa,
ƙara ta tsinke shi ɗaya bayan ɗaya,
ba jini, ba zafi, ba sallama.

Nan na gane, don ubana masunci ne a Maiwurno.
Raga in ta yage ido-ido,
giwan ruwa na nan a ciki,
ƙananan kifi ne ke sulalewa.
Kuma da ƙanana ake miya.

Na ce, to a ɗinke mana.
Ta ce, Baba, allurar ba ta zo hannunmu ba tukuna,
ka tsare sauran zaren.

Jiya na je shagon walda wurin ɗana Sabo,
na ajiye masa abin toshe kunne a kan buta.
Ya yi dariya. Na ga dariyar, kamar yadda nake ganin ta Jibo.

In za ka yi zance da ni, jawo ni gefe,
kashe rediyon, ka dube ni.
Jefo kifin ɗaya-ɗaya.
Ragar ta tsufa, amma har yanzu tana cikin ruwa.