Sikelin Jika

Shekara talatin da ɗaya ina zubin tukwane a Yelwa, nan Garwa,
ina narkar da mataccen fistan da gwangwanin lemo.
Wuta ta cinye gashin hannuna tun ina saurayi.
Ban iya jarida ba, sikelin Jika nake karantawa:
kilon sanholon da na saba saye ɗari uku
yau ɗari tara, shi ma sai da magiya.
Jan ƙarfe kuwa sai dai a mafarki.
Sau biyu ɓarayi na tuge wayar famfon unguwa,
su ma sun san inda duniya ta sa gaba.

Sai ga Dijatu daga Duwala.
Ta ce, Baba, motar da ba ta shan mai, jan ƙarfe take sha,
haka farantin sola, haka batir.
Ka bar tsintar ɓarɓashi, ka sayi hannun jari a ramin.
Na ce, wane rami?
Ta nuna mini a waya:
tsauni ne aka rarake kamar kabewa
a ƙasar da harshena ya kasa ɗaukar sunanta.

Na kwance bijimin da na turke wata tara.
Sefa dubu ɗari huɗu ta koma lambobi.
Kulu ta ce, to ina kayan?
Na ce, suna ƙarƙashin ƙasa.
Ta ce, kakanka ma yana can, bai taɓa aiko riba ba.

Watan fari layin ya hau,
kore shar kamar bakin Binuwai da damina.
Na sayo ragon ruwa, na gai da wanda muke gaba.
Wata na uku ya rikito, ja wur.
Wai ruwa ya cika ramin.
Na kwana ina ƙirga azara.
Da asuba na kira Dijatu, ta ce,
ba kai ka koya mini ba a fasa ƙasar zubi
sai ƙarfe ya huce ba?

Yanzu Juma'a kaɗai nake dubawa.
Sauran kwanaki, ni da zugazugi.
Wani lokaci nakan tuna mai haƙan can,
ko yana da tari irin nawa,
ko ya san wani tsoho a Garwa na jiran guminsa.

Jiya Jika ya ƙara hamsin a kilo.
Na buɗe baki zan tsine,
sai na rasa wanne ne ni,
mai saye ko mai rami.
Na biya, na ɗauki buhuna.