Kafar Allura

Shekara hamsin da 'yan kai ina taka keke a Yelwan Garwa,
ƙafata ta san feda kamar yadda harshe ya san haƙori.
Yau haƙoran sun yi ƙaura ɗaya bayan ɗaya,
saura huɗu, su ma ba sa ga maciji da juna.
Ƙafar kuwa sai na lallashe ta da asuba
kafin ta yarda ta kai ni bakin buta.

Kafar allura ce ta fara juya mini baya.
Na lashi zare, na murza, na auna,
ya bi ta gefe kamar baƙon da ya ɓace gida.
Na ce laifin fitila ne. Aka sauya ƙwai.
Na ce allurar zamani ce ba ta da kirki.
Asta jikata ta karɓa, ba ta ce uffan ba,
ta zura sau ɗaya, ta miƙo mini,
rabin idonta na kan waya.

Awon mutane kam yana nan daram a kaina.
Hamajoda: kafaɗa arba'in da shida, wuya arba'in,
a zurfafa aljihu saboda goro.
Shekara tara ke nan da muka raka shi
cikin farar rigar da ba a yi mata aljihu.
Amma tambaye ni me na ci da rana,
sai na dubi kwanon, ko zai taimake ni.
Nakan shiga ɗaki da babbar bukata,
in tsaya a tsakiya,
ashe bukatar ta fice ta taga.
Jiya na kira ɗana da sunan ƙanena,
ya amsa, don kada in ji kunya.
Na ji.

Mu bakwai ne a bencin gindin darbejiya.
Nomau mai gyaran agogo, nasa ya tsaya.
Barmo 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Gaundare,
wai sanyin can ya fi masa zafin nan.
Saura ni da Bappa Sali:
shi kunne ya tafi, ni ido na haɗa kaya,
in mun zauna kafaɗa da kafaɗa
mukan tashi mutum ɗaya cikakke.
Shi yake faɗa mini wa ke tafe,
ni in yi masa ihun abin da aka ce.

Da, magana ba ta kwana a gidan nan
sai ta biyo ta tabarmata.
Yanzu sai an dafa ta, an sauke, ta huce,
a kawo mini in sa albarka.
"Baba, ka huta."
In za su lissafa sefa nawa maganina ya ci
sai su koma Faransanci,
sun manta a bakin masu kawo ɗinki
na koyi ƙirgen Faransanci tun ba a haife su ba.

Ban ce duka asara ba ne.
Fushin da kan riga ni isa ƙofa
yanzu shi ma sanda yake dogarawa,
kafin ya iso an gama maganar.
Ran Juma'a wani yaro ya goya ni a babur har gada,
na ga Binuwai a tsakiyar rani:
ya janye, yashi ya fito kamar haƙarƙari,
amma ɗan abin da ya rage yana tafiya,
bai tambayi kowa hanya ba.

Daren jiya Asta ta zo da rigar makaranta,
hammata ta yage, gobe jarrabawa.
Ta zura mini zaren.
Na rufe idon da ba ya aikin komai,
na bar yatsu su nemi bakin ƙyalle.
Suka bi layin, sannu, ba gargada.
Ta ajiye wayar.
Ta ce, "Kaka, sake yi in gani."