Tayoyi Huɗu a Ɗakin Baba

Da muka buɗe ɗakin Baba bayan sadakar arba'in
ba mu tarar da jikkunan da ake raɗe-raɗi ba.
Buzun salla, rediyon da ya daina magana,
sai tayoyi huɗu jingine da bango,
an rufa musu tsohuwar tabarma
kamar baƙin da barci ya kwashe suna jiran mai gida.

Sababbi fil, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba.
Ɗan gashin robar yana nan tsaye,
zanen tafinsu da zurfi kamar tsagar fuskar kakata.

Inna ta ce shekarar da albasa ta yi kuɗi
ya sayo su a Kwanni, ya ce mota na tafe.
Mota ba ta zo ba. Ciwon ƙafa ya zo.

Ni kuwa ina da a-kori-kura mai tari da asuba,
da 'yar tirela da nake ɗaura mata a baya.
Na ce gado ya faɗo daidai wurin ƙaiƙayi.

Na gangara da su wajen Arzika mai faci,
bakin tashar Tawa, gindin bedi.
Bai ko kalli zanen ba.
Ya jiƙa babban yatsa, ya goge gefen ɗaya
har lambobi huɗu suka fito cikin ɗan da'ira.
Ya ce: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara.
Wannan ta girmi ɗanka da ke aji shida.
Ya danna ta da gwiwa,
sai ga faso siri-siri yana buɗe baki
irin na diddigen mai noman rani.

Ya ce: roba na tsufa ko tana kwance.
Zafin ɗakin kwano ya shanye maiƙonta tuni.
Tuwon da ba a taɓa ba ma, in ya daɗe, tsami yake.

Na ce Baba bai sayi banza ba.
Ya ce: ban ce ba. Ran da ya saya, na ƙwarai ya saya.

Na yi ciniki da zuciyata a hanyar gida.
Ba zan sa wa mota ba. Tirela dai,
ai buhu take ɗauka, buhu ba shi da uwa.
Da hannuna na ɗaure ɗaya, cikin dare.

Bazara, bayan azahar, kwalta na ƙyalli kamar mai.
Albasa buhu goma sha huɗu.
Mun ɗan wuce Badagishiri
sai ƙara, kamar bindigar maharbi a bayan kunne.
Tirela ta fara kaɗa wutsiya,
ta ja mu hagu, ta ja mu dama,
sitiyari ya zama abin wani a hannuna.
Sai rairayin gefen hanya ya riƙe mu.

Albasa ta bazu har gindin ƙaya.
Hankurau, yaron motata, ya fito yana kallon tirelar a kife.
Tun safe a kan buhunan nan yake zaune.
Ƙishirwa ce ta dawo da shi gaba, wajen gorar ruwa,
ko minti goma ba a yi ba.
Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.
Muka yi ta tsintar albasa har la'asar sakaliya.

Saura uku.
Ɗaya an tsaga ta, ragon Inna na cin dusa a ciki.
Ɗaya ta cika da ƙasa, ta shuka na'a-na'a
a ƙofar ɗakin Baba.
Ta ukun na kai wa baduku ran kasuwar Lahadi,
ya yanko mini takalmi, zanen na nan a tafinsa.

Da na biyo ta tasha, Arzika ya dubi ƙafata.
Ya ce: yanzu ka ɗaura ta daidai.

Tayar Baba ta hau hanya daga ƙarshe,
tana tafiya da saurin mutum.