Yatsu Goma a Idi-Araba

Asuba ba ta buɗe mini hannu.
Ladan ya kira, ya sake kira,
ina zaune bakin katifa
ina lallashin yatsuna kamar yaran da suka yi fushi,
in tsoma su a ruwan ɗumi,
in jira su tuna da ni.

Shekara goma sha tara ina kitso a Agege.
Shuku, kalaba, doka,
amare uku na taɓa sallama tsakanin azahar da isha'i.
Yau murfin kwalbar mai ya fi ƙarfina.

Aka ce sanyi ne. Aka ce jifa ne.
Wata ta rantse kan da ba a taɓawa na taɓa.
Na sha saiwa, na sha ɗaci, an kafa mini ƙaho,
kuɗin adashena suka bi mai maganin lasifika.

Sai ƙanena Ɗanliti ya ɗora ni a danfo.
Muka keta Oshodi, muka keta Mushin,
duk ramin da ke titi sai da na ji shi a gwiwa.
Asibitin koyarwa. Kati, layi, benci,
lamba ta arba'in da ɗaya.
Kusa da ni wata 'yar jami'a rungume da laima,
tabo a kumatunta biyu
kamar malam-buɗe-littafi ya sauka bisa hancinta.
Ta ce ita da rana ba sa ga maciji.

Dakta Adebimpe ba ta fara da allura ba.
Hannuna ta karɓa, gaɓa bayan gaɓa,
tana matsawa tana ƙirgawa
kamar mai jan carbi.
"Da safe, sai yaushe suke saki?"
Duk yawon da na yi, ba wanda ya yi mini wannan tambaya.

Da sakamakon jini ya fito ta yi bayani, Ɗanliti na juyawa:
garkuwar jikina ce.
Mai gadi ne ya daina gane mutan gida,
ya juyo da gorarsa ciki.
Na ce, to a sallame shi mana.
Ta yi dariya. In ya tafi, ɓarayi ne za su kwana a ɗaki.
Ba a korarsa, zafin kai ake rage masa.

Ta nemi izinina, ta kira ɗalibai bakwai.
Hannun da bai gama firamare ba
ya zama allo.
Suka duba kumburi, suka rubuta.
Ni ma na duba nawa:
ta ƙarshensu, Obiageli, an ja mata kitso har idonta ya ɗage.
Na ce, Ɗanliti, gaya mata
mai kitsonta za ta cinye mata gashin goshi.
Ɗakin ya ɗauki dariya,
yarinyar ta dafe kai.

Ƙwaya sau ɗaya a mako. Ranar Talata.
Ba kullum ba. Ta faɗa sau uku,
ta sa ni ma na faɗa.
Awon jini saboda hanta,
wani awon, wani kuma,
har sai da babban madubin shagona ya koma shagon wata.
Ba ta ce zan warke ba.
Sulhu ta ce za mu nema.

Wata biyar ke nan.
Ƙaramin yatsan dama ya karkace, ya yi tafiyarsa.
In ruwan Legas ya kwana yana zuba
wuyan hannuna ne ke fara sani.

Amma jiya Lantana, 'yar maƙwabciyata,
ta zauna tsakanin gwiwoyina.
Layi shida, awa biyu, hutu uku.
Tsagar ba ta miƙe ba, na gani,
ita ba ta gani ba, ta ruga makaranta.

Ranar komawa ta kusa.
Katin yana jaka, takardun awo suna jaka.
Na ƙara da matsefi da tsinken tsaga,
ko Allah zai sa yarinyar nan tana bakin aiki.