Ƙifcen Fitila a Suwame

La'asar sakaliya, hadari ya haɗo ta wajen Tafo,
Mumuni ya gangaro da tirotiro har bakin rumfata.
Ya ce, "Masta, fitila ke yi mini ƙifce,
in na taka mai ta buɗe ido,
in na ɗaga ƙafa ta kwanta.

Batir biyu na saya a watan nan,
mai motar ya ce ni ke cin kuɗinsa.
Jiya a gangaren Mampong duhu ya kife mu,
wata tsohuwa na kiran Yesu, ni ina salati,
da hasken waya muka sauko da mota."

Na ce, zauna, ga benci, ga ruwan leda.
Fuseini, miƙo mini mita.

Inji a kashe: sha biyu da ɗigo shida.
Mumuni, ba a nan gizo ke saƙa ba.
Batir randa ce, ba rijiya ba,
in randa ta ƙafe a tuhumi mai ɗebo ruwa,
mai ɗebo ruwa a nan ita ce altaneta.

Tayar. Sha huɗu. Sha uku. Sha huɗu. Sha ɗaya.
Lamba na kaɗuwa kamar mai zazzaɓin damina.
Na danna fambel da babban yatsa,
bai saki ba, bai yi kuka ba,
ko tsaga babu a fata.

Fuseini har ya ɗauko sifana:
"Masta, mu sauke ta, kabon ne ya cinye,
in ba shi ba, regileta."

Yaro na son kwance abu. Ni ma na so.
A nan marigayi Dantani ya buge mini hannu,
gorona ya faɗi cikin baƙin mai,
ya ce, "Wuta baƙuwa ce mai son gida.
Kowa na duba ƙofar da ta fita,
kai ka nemi hanyar komawarta."

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi,
mai na ɗiga mini a gemu.
Na bi baƙar waya da yatsu, taƙi bayan taƙi,
har inda ta kama jikin ƙarfe.
Ga noti yana lilo,
ga tsatsa, ga kore-kore kamar gansakukar kwata,
silin tagulla uku kacal
ke riƙe da ita.

Na yanke ruɓaɓɓen, na kankare ƙarfe har ya yi fari,
na sa sabon kai, na ɗaure tam.
Kunna fitila. Ƙara da waifa. Ƙara da rediyo.
Fuseini, me ta ce?
"Sha huɗu da ɗigo biyu, Masta,
ko motsi ba ta yi." To, a bar ta.

Haske ya zauna a jikin kwanon maƙwabci
kamar farin zane da aka shanya.
Mumuni ya matso, ya rage murya:
"Rubuta altaneta a rasit,
ko na fanshe kuɗin batir, in huta."

Na naɗe guntun wayar a tsohuwar jarida,
na damƙa masa.
Sidi arba'in ne aikina, shi zan rubuta.
Wannan kuwa kai wa mai motar,
ka ce ga ɓarawon, an kama shi da tsatsa a baki.
Ya yi tsaki, ya yi dariya,
ya cusa ta a aljihu ya fita.

Ruwa ya sauko kafin a kira magariba.
Fuseini na tattara kaya, ya dube ni:
"Masta, yau ma ni na karanta maka lamba."
Na ce hadari ne ya rage haske.
Adiza ta karɓo mini katin asibitin ido tun Rajab,
yana nan cikin akwatin fiyus,
ƙarƙashin waccan tsohuwar altaneta.
Gobe, in ba a kawo aiki da sassafe ba.
Rufe rumfar. Kashe wuta.