Kwandon Kaka Ermelinda

Da muka zauna lissafin 'yan rakiya,
ni da Duarte, a teburin kicin ɗin Mama,
an sami mai riƙe zobe, an sami mai kaɗa gita,
an sami mai gasa ɗan akuya,
sai gurbi ɗaya ya zuba mana ido:
wa zai watsa fure?

A ƙauyenmu da ke bayan Bragança
rabon da a ji kukan jariri
tun shekarar da aka rufe makaranta
aka mai da ita rumbun dankali.
Yaran duk suna Faransa, suna Lisbon,
sai watan Agusta su sauko kamar shamuwa, su tashi.
Bikinmu kuwa a Mayu ne.

Duarte ya ce a aro 'yar abokin aikinsa.
Mama ta ce a bari, ai ba farilla ba ne.
Daga bakin murhu, inda muka ɗauka barci take,
Kaka Ermelinda ta ce, "Ni fa?"

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Shekara tamanin da shida, gwiwa ɗaya ta ƙarfe,
baƙaƙen kaya tun ranar da aka binne Abílio.
Ta ce, "Ina 'yar shekara shida aka zaɓe ni
a bikin 'yar mai injin niƙa.
Har an ɗinka riga. Ana saura kwana biyu
ƙyanda ta kwantar da ni.
Ina kan gado na ji ƙararrawar coci,
Deolinda ce ta ɗauki kwandona.
Bashi ne. Shekara tamanin ina bi."

Tela ta kawo farin yadi, ta ture.
Ta zaɓi shuɗi, irin na sararin bayan ruwa.
Furen ma ba ta yarda a saya ba,
na bayan ɗakinta ta tsinko da asuba,
ƙaya ta soke ta sau uku, ko a jikinta.

Ran biki ina bakin ƙofa, hannuna a na Baba,
ina kallon bayanta:
sanda a dama, kwando rataye a hagu.
An ce mata ta watsa. Ba ta watsa ba.
Ɗaya-ɗaya take ajiyewa,
ba a tsakiyar hanya ba, a kan bencin da babu kowa.
Nan Abílio yake zama. Nan mai gasa burodi.
Nan 'yan biyun da suka tafi Lyon ba su dawo ba.
Leɓenta na motsi, tana kiran sunaye.
Mai kiɗa ya kai ƙarshe, ya koma farko,
ya sake kaiwa, ya sake komawa,
fada yana duba agogo a ɓoye.

A layi na uku ta ja birki.
Ga Deolinda a keken guragu, bargo a cinya,
idon nan ya yi fari, ba ta gane kowa.
Coci ya yi tsit.
Na ce a raina, yau za a biya bashi.
Sai Kaka ta kama hannunta, ta tsoma a kwando,
suka ɗebo tare, suka jefa sama,
rabi ya sauka a kan hular Kawu Belmiro.

Kafin ta kai gaba, kwando ya ƙare.
Takun ƙarshe a kan dutse tsirara na yi shi,
kuma ban taɓa jin ƙasa mai laushi haka ba.

Washegari ta koma baƙaƙen kayanta.
Kwandon dai ta hana mai shi.
Da shi take kwaso ƙwai yanzu,
da ɗan zaren shuɗi ɗaure a marikinsa.